Yadda Ake Samun Kujerar Gaba a Jirgin Monorel na Wuraren Shaƙatawa

Monorel jirgi ne da ke tafiya a kan dogo ɗaya tak, wato wata doguwar katangar kankare siririya da aka ɗora bisa ginshiƙai can sama da kawunan mutane. Jirgin rungume ta yake yi: tayoyin roba na sama su ɗauki nauyi, na gefe kuma su riƙe ta hagu da dama don kada ya goce. A Walt Disney World da ke jihar Florida ta Amurka, faɗin katangar nan santimita 66 ne kacal. Wanda ya zauna a tsakiyar jirgi ba zai taɓa ganin ta ba, sai dai ya leƙa ta tagar gefe ya ga itatuwa da rufin gine-gine suna wucewa. Na gaba ne ke ganin dogon yana miƙewa, yana lanƙwasa, yana kutsawa ta cikin otal, ƙasa kuma ta yi nisa ta kowane ɓangare. Wannan kallon ake nema, shi ya sa iyaye ke bin layi da 'ya'yansu saboda kujerun da ba su taka kara sun karya ba wajen yawa.

A tashar mota, gidan gaba na wanda ya riga zuwa ne, ko wanda ya ƙara wani abu a kan kuɗin mota, ko wanda ya san ɗan kamasho. A monorel kuwa kuɗi ba ya sayen gaba, sanayya ma ba ta aiki. Abin da ke aiki shi ne sanin dokar wurin da ka je, domin wurare uku masu ɗauke da sunan Disney dokoki uku daban suke bi, kuma mafi yawan masu komawa gida da takaici dokar wani wuri suka ɗauka suka kai wani.

Da farko: san wane jirgi za ka hau

Idan Florida ka nufa, ka cire rai tun daga gida. Monorel na Walt Disney World ya fara aiki ranar 1 ga Oktoba, 1971, kuma shekara da shekaru ana barin baƙi har mutum huɗu su zauna tare da direba a ɗakinsa na gaba, a ƙarshe ma a miƙa wa yara wani ɗan kati da ke cewa sun zama mataimakan direba. Wannan al'ada ta ƙare ranar 5 ga Yuli, 2009. Da misalin ƙarfe biyu na dare, ana shirin tashi daga aiki, aka umarci wani jirgi ya ja da baya don ya sauya layi, alhali ba a juya mahaɗar dogon ba. Sai ya koma ta layin da ya fito, ya daki goshin wani jirgin a babbar tashar da ake kira Transportation and Ticket Center. Direban jirgin da aka daka, matashi ɗan shekara 21, ya rasu. Tun daga lokacin aka hana baƙi shiga ɗakin direba.

Har yanzu za ka ci karo da tsofaffin hotuna da bidiyo a intanet na yara zaune kusa da direba a Florida. Na kafin 2009 ne. Kada ka nuna wa ma'aikaci irin wannan hoto kana ja-in-ja da shi, ba shi ya kafa dokar ba kuma ba shi da ikon ɗage ta. Shiga taragon farko ma ba ya ba ka kallon gaba, don akwai bango tsakaninka da direba.

Duk da haka kada ka fasa hawa, tunda kyauta ne, ko ba ka da tikitin shiga wurin wasannin. Layuka uku ne. Layin Epcot, wanda aka buɗe a 1982, yana shiga cikin Epcot, ɗaya daga cikin wuraren wasannin Walt Disney World, ya zagaya ƙatuwar ƙwallon nan ta Spaceship Earth kafin ya tsaya a tasha. Sauran biyun suna kewaya tafkin Seven Seas Lagoon, kuma dukansu suna ratsa tsakiyar otal ɗin Contemporary, mutane na cin abinci a ƙasa jirgi na wucewa ta samansu. Ka nemi kusa da taga, shi ke nan.

Saura wurare biyu na Disney da ake samun gaba: Disneyland a birnin Anaheim na jihar Kalifoniya, inda roƙa ake yi, da kuma Tokyo Disney Resort a Japan, inda babu wanda za ka roƙa, sai dabarar tsayuwa a layi.

Kalifoniya: a nan baki ne ke aiki

Wannan shi ne kakan su duka. An ƙaddamar da shi ranar 14 ga Yuni, 1959, Richard Nixon yana Mataimakin Shugaban Amurka ya halarci bikin, kuma shi ne monorel na farko da ya riƙa aiki kullum a nahiyoyin Amurka. Fasahar kamfanin Alweg ce ta ƙasar Jamus. A 1961 aka tsawaita layin, yanzu tsawonsa kusan kilomita 4 ne, tashoshi biyu: ɗaya a sashen Tomorrowland cikin wurin wasannin, ɗaya a Downtown Disney, unguwar shaguna da gidajen abinci. Jirage uku ne, ja da shuɗi da ruwan lemo, samfurin Mark VII da aka fara kawowa a 2008. Ƙanana ne idan aka gwada da na Florida, kuma goshin kowannensu dogo ne mai tsini, lulluɓe da gilashi. Ma'aikata suna kiran wannan goshi "nose cone", sunan da za ka ambata ke nan idan ka zo tambaya.

Mataki na ɗaya, tikiti. Saɓanin Florida, a nan monorel ɗaya ne daga cikin wasannin wurin, don haka sai da tikitin shiga Disneyland. Hawa daga Downtown Disney daidai yake da shiga ta babbar ƙofa: za a duba tikitinka, kuma idan kwanan da ka zaɓa yana buƙatar ajiye gurbi tun kafin ranar, sai ka riga ka ajiye.

Mataki na biyu, lokaci. Taragun waɗannan jirage ba su da na'urar sanyaya iska, saboda haka idan zafi ya tsananta da rana akan dakatar da su har sai gari ya yi sanyi. Haka kuma akan tsayar da su lokacin wasan wuta na dare. Wanda ya je a watannin Yuli zuwa Satumba ya bar monorel sai bayan azahar, yana iya tarar da tasha a rufe. Da safe kuwa jama'a daga otal suke kwararowa zuwa cikin wurin, don haka tashar Downtown Disney ce ke cika. Da dare abin ya juya, Tomorrowland ce ke cika da masu komawa masauki. Kai sai ka bi akasin jama'a. Hantsi, bayan tururuwar safe ta lafa kuma kafin rana ta take, shi ne lokacin da na fi ba da shawara.

Mataki na uku, ka tambaya tun kafin ka shiga layi. Akwai ma'aikaci a bakin hanyar hawa tasha. Ka gaishe shi, ka ce kana son sanin ko yau ana barin baƙi a gaba. Dalilin tambayar shi ne dokar tana sauyawa. Bayan rufe wurin da aka yi saboda korona a 2020, monorel bai dawo aiki ba sai a Oktoban 2021, kuma ko da ya dawo an ɗauki lokaci ba a barin kowa kusa da direba. Ko a lokacin da aka yarda, ranar da ake koya wa sabon direba aiki kujerun na malaminsa ne. Tambayar minti ɗaya za ta hutar da kai tsayuwar rabin awa a banza.

Mataki na huɗu shi ne zuciyar al'amarin. Idan ka hau kan dandamali, ka nemi ma'aikacin da ke rarraba mutane zuwa ƙofofi, ba direba ba. Kada ka jira sai jirgi ya iso sannan ka ruga gaba, a lokacin hankalin kowa yana kan sauke fasinja da rufe ƙofofi, kuma wataƙila an riga an ba wasu. Ka faɗa masa abu uku a jere: kuna son gaba, ku mutum nawa ne, kuma kun yarda ku jira jirgi na gaba ko na bayansa. Wannan na ukun shi ke buɗe ƙofa. Ma'aikaci ba ya son ya yi maka alkawarin da zai sa ka tsaya kana ɓata rai. Da zarar ya ji ka shirya jira, sai ya nuna maka inda za ku tsaya a gefe, ya kuma faɗa maka ko akwai wasu a gabanka. Haƙuri, in ji masu magana, maganin zaman duniya.

Batun yawan mutane yana buƙatar shiri tun daga masauki. Kujerun gaba ba su wuce a ƙirga su da yatsun hannu ɗaya ba, kuma ɗan jariri ma mutum ne a lissafinsu. Iyalin da suka zo su takwas ko tara, da kaka da ƙanwar uwargida da 'ya'yan maƙwabta, ba za su shiga tare ba ko sama da ƙasa za su haɗe. Ku raba kanku kafin ku iso gaban ma'aikaci: babba ɗaya da yara biyu ko uku su shiga gaba, sauran su shiga taragon da ke biye, a dawowa a yi musanya idan an samu. Abin da bai dace ba shi ne a tsaya a bakin ƙofa ana gardamar wa zai shiga, yara na kuka, layi na jira. Keken jariri sai an naɗe shi, kuma ya fi sauƙi a bar shi hannun waɗanda ke tarago.

Idan ku biyu ne ko kai kaɗai, ka ce ba ka damu a haɗa ka da wasu ba. Sau da yawa iyali na mutum uku sun shiga, gurbi ya rage, ma'aikaci na neman wanda zai cike.

Mataki na biyar, zaɓen ɓangaren tafiya, kuma a nan ina da ra'ayi mai ƙarfi. Daga Tomorrowland zuwa Downtown Disney jirgin yana fita ya bi gefen titin Harbor Boulevard, ya ratsa wani yanki na Disney California Adventure, wurin wasannin da ke maƙwabtaka da Disneyland, ya haye gadar da ke kan Buena Vista Street, sannan ya kutsa ta cikin otal ɗin Grand Californian. Yana da kyau, musamman shigar otal ɗin. Amma dawowar ta fi. Daga Downtown Disney jirgin yana wucewa ta gaban babbar ƙofar shiga, ya koma cikin wurin, sai ya fara lanƙwashe-lanƙwashe a saman titunan ƙananan motocin Autopia da tafkin jiragen ƙarƙashin ruwa, ya zagaya dutsen Matterhorn kafin ya tsaya. Wannan tsohon sashen layin ne, inda dogo ke hawa da sauka yana gitta kansa, kuma a nan ne zaman gaba ke biyan wahalar jira. Idan ɓangare ɗaya kawai za a ba ka, ka nemi wannan. Kada kuma ka ɗauka cewa tunda ka samu gaba za ka zagaya ka dawo a zaune. Akwai lokutan da ake sauke kowa a kowace tasha, kuma ko ba a sauke ba, wasu na jiran kujerar a can.

Idan aka ce maka a'a, ka nemi kujerun baya. Wutsiyar jirgin ma ɗaki ne mai gilashi irin na gaba, ba direba a ciki, kuma mutane ba su cika tunawa da shi ba. Dogon dai za ka gani, sai dai yana guduwa daga gare ka maimakon ya nufo ka.

Tokyo: babu direba, sai lissafi

A ganina wannan ne ya fi sauƙi kuma ya fi daɗi, ko da yake biya ake yi. Disney Resort Line ya fara aiki ranar 27 ga Yuli, 2001, a birnin Urayasu da ke lardin Chiba, dab da Tokyo. Da yake a dokar Japan jirgin fasinja ne kamar kowane jirgi, yana da kuɗin hawa. A 2024 aka mai da shi yen 300 ga babba. Katunan Suica da Pasmo da ake hawa jiragen birni da su suna aiki a nan. Ba ka buƙatar tikitin shiga wurin wasanni. Jirgin na'ura ce ke tuƙa shi, ma'aikaci ɗaya ne ke can baya yana kula da ƙofofi, don haka goshin taragon farko na fasinja ne: kujeru a gaban faffadan gilashi, wanda ya riga zama shi ke da su.

Layin zobe ne mai tsawon kilomita 5, ana zagaye shi cikin kimanin minti 13, kuma hanya ɗaya jirgin ke bi kullum. Tashoshi huɗu ne a jere: Resort Gateway, wadda ke kusa da tashar Maihama ta jirgin ƙasa na kamfanin JR, sai Tokyo Disneyland, sai Bayside inda manyan otal suke, sai Tokyo DisneySea, wurin wasanni na biyu, sannan a dawo Resort Gateway. Matsalar zobe ita ce ba shi da tashar ƙarshe da kowa zai sauka. Jirgi na iya isowa da mutane zaune a gaba waɗanda ba su da niyyar tashi. Saboda haka tambayar da za ka yi wa kanka ita ce: a wannan sa'a, a wace tasha mafi yawan mutane ke sauka?

Da safe amsar ita ce DisneySea. Masu zuwa Disneyland da yawa da ƙafa suke takawa daga Maihama tunda kusa ne, amma DisneySea tana da ɗan nisa, don haka jirgi ke kai su, kuma a can taragu ke zama fayau. Wanda ya tsaya a tashar DisneySea da hantsi yana da babbar damar samun gaba. Da dare kuwa, bayan an tashi, mutane a Bayside da Resort Gateway suke sauka. Tsakar rana, lokacin da kowa ke cikin wuraren wasa, kusan kowace tasha ta yi.

Da ka hau dandamali, ka kalli inda jirgi ke dosa, ka taka har ƙarshen dandamalin ta wannan ɓangaren, ka tsaya a ƙofar farko. Akwai shinge mai ƙofofi da alamun tsayuwa a ƙasa, kuma Japanawa ba sa wasa da layi. Idan ka tarar da mutane biyar ko shida a gabanka, ka shiga layin, jirgi ya zo ka matsa gefe ka bar na bayanka su wuce, kai kuma ka zama na farko ga mai zuwa. Jiragen ba sa jimawa tsakaninsu. Ka bari masu sauka su gama fita kafin ka sa ƙafa, kuma kada ka tura yaro ya kutsa ta ƙarƙashin hannun mutane ya kama maka wuri. Ba wanda zai yi maka magana, amma kallon da za a yi maka ya isa.

Wata dabara ita ce ka shiga taragon farko ko da kujerun a cike suke, ka tsaya a bayansu. Tsayuwar ma tana ba ka kallon, kuma da wani ya tashi a tasha ta gaba kai ne mafi kusa. Idan kana son yin haka ba tare da lissafin kuɗi ba, ka sayi tikitin yini, wanda ke ba ka damar hawa da sauka yadda ka so. Akwai na kwana ɗaya har zuwa na kwana huɗu. Sashen da ya fi kyau shi ne tsakanin Bayside da DisneySea, inda tekun Tokyo ke gefe ɗaya, ɗaya gefen kuma dutsen aman wuta na Prometheus da ƙaton jirgin ruwan S.S. Columbia suna leƙowa daga cikin wurin. Idan ka zagaya sau ɗaya kuma ka ga ƙananan yara tsaye a bayanka suna miƙa wuya, ka tashi ka ba su.

Ga masu bi ta Dubai

Da yawa daga cikin mutanenmu Dubai ta fi musu kusa da Kalifoniya ko Tokyo, ko don kasuwanci ko don yada zango. Monorel na tsibirin Palm Jumeirah, wanda aka buɗe a Afrilun 2009, yana tashi daga tashar Gateway a gindin tsibirin ya ƙare a otal ɗin Atlantis da wurin wasan ruwa na Aquaventure, tafiyar kilomita 5 da 'yan kai. Shi ma na'ura ke tuƙa shi. Ba zobe ba ne, kai-da-komo yake yi, don haka a tashar ƙarshe kowa ke sauka, kuma ɓangaren da ya shigo a matsayin baya shi ke zama gaba idan zai koma. Kada ka tsaya inda goshin jirgi ya tsaya, ka tsaya ta inda zai fita. Tafiyar zuwa Atlantis ta fi ta dawowa, domin otal ɗin na tsaye a gabanka yana ƙara girma har jirgin ya haye teku. Ka duba ko yana aiki, da kuma lokutan aikinsa, a ranar kafin ka kama hanya.

Bayan ka zauna

A Kalifoniya kana cikin wurin aikin mutum ne. Ka zauna inda aka nuna maka, ka riƙe yara kada su taɓa komai a gaban direba, kuma idan ka ji yana magana a rediyo ko yana shiga tasha, ka yi shiru. Direbobin sukan amsa tambaya da fara'a idan hanya ta miƙe, yara ma sukan samu labarin jirgin daga bakinsu, amma shi zai nuna maka lokacin da ya dace. Ka kashe fitilar kyamara, walƙiyarta a gilashi tana kashe masa ido.

Wajen ɗaukar hoto a ko'ina, ka manna wayar da gilashi, in ba haka ba inuwar farar rigarka ce za ta fito maimakon dogo. Da dare abin ya fi tsanani saboda fitilun cikin tarago, sai ka kare gefen wayar da tafin hannu. Tafiyar kowane ɓangare 'yan mintoci ce, don haka ku yanke tun a dandamali wane ne zai ɗauki bidiyo, mutum ɗaya ya isa, sauran su kalla da idonsu, a tura musu daga baya.